Layin da Saude Ta Sa Aka Kankare

Ranar wasa a Yargalma da toka take farawa. Haka Saude ta taso ta tarar. Babanta Makau shi ne mai zana layin fili, aikin da ba wanda ya ba shi, ba kuma wanda ya yi tunanin karɓewa daga hannunsa shekara ashirin da ɗoriya. Duk Asabar ɗin da Guguwar Yargalma, ƙungiyar ƙwallon garin, za ta karɓi baƙi, da hantsi zai miƙa mata daro, ta bi gida-gida tana sallama, mata na kwaso mata tokar murhu. Wasu su tankaɗe, wasu su juye mata har da guntun gawayi da ƙayar kifi, Baba ya zauna yana tsincewa yana mita. In ta taru sai ya kafa turaku biyu, ya ja igiya, ya cika wani gwangwanin madara da ya huhhuda wa gindi, ya bi igiyar a sunkuye yana kaɗawa. Layinsa ba ya karkata. Har a Gummi an san layin Makau.

Gidansu na jingine da filin, katanga ɗaya ce tsakani. A wancan zamani bayan la'asar ake take wasa, amma tun azahar gari ke cika. A-kori-kura ta sauke mutanen Bukkuyum ta koma ta ɗebo wasu. Masu rake su jera, masu tsire su hura wuta, Fulani su zo da sandunansu su tsaya bayan raga suna yi wa golan baƙi tsiya. Samari su hau tsamiyar makaranta, har reshe ya taɓa karyewa da mutum shida, kuma ba wanda ya tafi gida a cikinsu sai da aka tashi. Mata kuwa gidan Makau suke tururuwa, a kifa turame a gindin katanga a hau ana leƙe, Inna tana faɗan an tattake mata yakuwa. Baba ba ya iya ƙirga mutane saboda yawansu, sai ya koma ƙirga kekunan da aka jingina a bangon makaranta. Ranar da Guguwa ta doke wata ƙungiyar Gummi ta hau rukuni na ɗaya a gasar ƙananan hukumomin nan uku, Anka da Gummi da Bukkuyum, keke ɗari huɗu da sha tara ya ƙirga. Saude na da shekara goma. Tana tune da yadda aka ɗora gola a amalanke aka zaga gari da shi, takalminsa ɗaya ya ɓace bai ma sani ba sai washegari.

Shekara goma sha shida ke nan Guguwa ba ta sauka daga rukunin ba, amma taron ya daɗe da watsewa. Zinari ya janye samari zuwa ramuka. Hanya ta zama abin tsoro, aka dawo da wasa ƙarfe biyu da rabi don baƙi su isa gida da sauran rana. Idon Baba ya yi hazo, gwiwa ta ƙi, ya bar wa koci Halilu gwangwanin. A wasan gida na baya Saude ce ta leƙa ta katanga ta ƙirga masa: babur tara, keke biyu, sai yara zube a bakin layi suna wasan ƙasa. Ya ce ta sake dubawa, ko akwai wasu a bayan makaranta. Ta sake dubawa. Babu.

Yanzu ita ce matar kyaftin. Junaidu mai tsaron baya ne, shekararsa talatin da ɗaya, 'yarsu Asma ta shiga ta uku. Yau ne wasan ƙarshe na shekara, da Walƙiyar Anka. Ko canjaras aka yi Guguwa ta tsira. In ta sha kashi ta faɗa rukuni na biyu, su kuwa 'yan rukuni na biyu ba su da wasan gida, duk a filin Bukkuyum ake haɗa su. Ke nan ba za a ƙara buga ƙwallon gasa a bayan katangar Makau ba. Junaidu ya riga ya gaya mata, in haka ta faru ya rataye takalmi.

Ga kuma damina. Sati biyu da suka wuce ruwa ya wanke tokar Halilu ana tsakiyar wasa, alƙali ya rubuta a takarda cewa in aka sake zuwa ba layi, to ba wasa, maki uku na baƙi ne. Shi ya sa tun Laraba Saude ke tara toka, tata da ta maƙwabta, tana tankaɗewa tana ɓoyewa a ɗaki kada ta ja sanyi. Da asubar yau ma an yi ruwa. Ta gama girki, ta goya Asma, ta ɗora daro a ka, ta nufi gidansu rana na gab da tsaka.

Ta tarar da Baba a kan tabarma a gindin katanga, kunnensa na wajen fili.

"Inna ina wuni. Baba, ga tokarku na kawo."

"Sun riga ki," in ji Baba. "Tun da sahe nike jin su. Halilu ya leƙo ya ce mani sun samu abin da ya hi toka. Abin da ya hi toka! Hau ki duba mani, in ji ko layin nasu ya miƙe."

Ta sauke Asma, ta kifa turmi ta hau. Sai da ta ce kai. Ba ta taɓa ganin filin da kyau haka ba. Ciyawa kore shar bayan ruwa, layuka fari tas kamar an ja da alli, da'irar tsakiya ta fito zagaye cif. Daɗi ya kama ta, har ta fara ba Baba labari. Can sai ta hango Asma, ta riga ta sulale ta ƙofar baya ta shiga cikin yara a bakin layi. Wata 'yar maƙwabta ta dangwalo farin abin ta shafa a kumatu kamar hoda, sauran na dariya, ta miƙo hannu za ta shafa wa Asma.

Saude ba ta san lokacin da ta diro daga turmin ba. Ta fizge 'yarta ta saɓa a kafaɗa, ta tsuguna ta ɗan mutsuka garin tsakanin yatsu biyu. Toka in ta sha ruwa narkewa take yi ta koma baƙi-baƙi. Wannan ya kwanta abinsa, da nauyi, da santsi, da ɗan ƙyalli-ƙyalli in rana ta doke shi. Yatsunta sun san shi tun kafin kanta ya yarda.

Tana da shekara goma sha biyu aka fara shigo da dutsen zinari cikin gidaje. A turmin da ake daka gero a nan ake daka shi, garin ya bi tsakar gida, ya bi tabarmi, ya bi kwanon tuwo. Ba wanda ya san da gubar dalma a ciki. Ƙaninta Usama, ɗan shekara biyu, a bayanta ya fara jijjiga wata safiya tana shara. Kwana huɗu ya yi. A wannan shekarar maƙabarta ta cika da ƙananan kaburbura har aka ƙara mata fili. Daga baya likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka tara mata aka koya musu: a jiƙa, a kankare, a ɗure a buhu, a binne nesa da rijiya. Saude ba ta manta ko ɗaya ba.

"Duk ku shige gidan Baba Makau!" ta daka wa yaran tsawa. "Kar wanda ya sa hannu a baki. Inna! Sabulu da ruwa, ki wanke mani su duka, har huska!"

'Yan wasa na can bakin raga suna motsa jiki. Ba ta taɓa kiran mijinta a gaban maza ba, amma ta ɗaga murya.

"Baban Asma!"

Ya taho da sassarfa, rigar wasa a jikinsa, yana waige-waige. "Ke, lahiya? Mi ya hito da ke nan?"

"Wa ya kawo abin ga da kunka zana layi?"

"Anwar ya kawo muna. Kin ga kyau ko? Ko ruwa shi kwana zuba ba ya tashi."

"Ina ya samo shi?"

Junaidu ya dubi layin, ya dube ta. Anwar da kansa ya ƙaraso yana murmushi. Mutumin Bauci ne, shekararsa biyu a wurin haƙar zinari, shi ne kuma ɗan gaban da ya ci wa Guguwa ƙwallo tara bana.

"Sannu uwargida. Ai a wurin injinmu ne, ragowar da aka wanke aka gama da shi. Tuli guda yana can ba mai so. Buhu shida na kawo a babur, sawu uku na yi a cikin taɓon nan."

"Zinarin kunka wanke, Anwar. Dalmar tana nan ciki."

"Wace dalma kuma? Mu fa kullum a cikinsa muke wuni."

"Kai babba ne, kuma kai ma ba ƙyale ka ta yi ba. Ba ka nan shekarar da munka bizne yara. Ban ga laihinka ba." Ta juya ga koci Halilu, wanda ya matso yana shafa gemu. "Amma kai, Kawu, kana nan. Kai ka ɗauki Usama zuwa maƙabarta."

"Ɗiyata, na tambaya," in ji Halilu a hankali. "Sun ce wanga daga wani rami ne daban, ba irin na da ba."

"An gwada shi?"

Halilu ya sunkuyar da kai.

Junaidu ya ja ta gefe, ya rage murya. "Saude, ki saurare ni. Saura awa ɗaya da rabi. Mu hana yara zuwa, ko ɗaya ba ya shigowa. Mu buga wasan ga, gobe da sahe ni da kaina in zo in kwashe. Na rantse maki."

"Ka kwashe mi? Mutum ashirin da biyu su yi awa biyu suna tattaka shi da takalmi, ina za ka same shi gobe? Ya bi ciyawa ya shiga ko'ina. Ku ɗauko shi a ƙahwa ku kai gida, Asma ta rarumi takalminka kamar yadda ta saba. Litinin 'yan makaranta su hito hutun tara a nan. Rana ta busar da shi iska ta kai shi gidan Inna. Yanzu da shike kwance wuri ɗaya a jiƙe, yanzu ne ake iya kwashe shi."

"In babu layi kin san abin da takarda ta ce."

"Na sani. Ga toka na kawo, daro cike."

"Daro ɗaya? Kin san hilin ga ya hi ƙarhin daro ɗaya. Kuma kahin a kankare a sake ja, lokaci ya wuce." Ya dubi filin. "Shekara sha shida, Saude. A hannuna za ta hwaɗi?"

Ta ji maganar har cikin ƙirjinta, don ita ma filin nan nata ne tun kafin ya zama nasa. Ta juya ta koma gida, ta shiga rumbun Inna ta ɗauko fartanya.

Baba ya ji komai ta katanga. Ya ce, "Kawo in taɓa in ji."

"Ba ka taɓa shi, Baba. Shi ne. Wallahi shi ne."

Ta yi zaton zai hana ta. Sai ya lallaba ƙarƙashin tabarma ya zaro tsohuwar igiyarsa a naɗe. Ashe duk ranar wasa yana ajiye ta kusa da shi. "Soma daga kusurwar yamma," ya ce, "can ƙasar ta hi taushi." Ya juya wajen Inna. "Tasalla, ki leƙa ki kira matan unguwa."

Inna ta yafa mayafi ta fita. Saude ta naɗe bakin hijabinta ta rufe hanci, ta tsaya a kusurwar yamma ta kafta. Zurfin yatsa uku, faɗin tafin hannu biyu, ta tara, ta matsa gaba. 'Yan wasa suka yi cirko-cirko suna kallonta. Wani daga cikinsu ya ce kyaftin ya kama matarsa mana, wani ya ce masa ya rufe baki.

Wadda ta fara zuwa ita ce Marka, kakar Junaidu, tsohuwa mai gajeren wuya da faɗa, wadda ta rasa jikoki uku a shekarar dalma. Ta zo da fartanyarta a kafaɗa, ta tsaya gaban Junaidu ta ƙare masa kallo daga riga har takalmi.

"Kai miji, wagga kwalliya duk ta mi ce? Mata na noma kai kana tsaye da gajeren wando? To na sake ka. Saki uku, kuma ba ni biko."

"Kaka, ba lokacin wasa ba ne."

"Ai kai ne mai wasa, ni aiki na zo. Matsa mani, ƙato."

Kafin a kira azahar mata sun kai goma sha biyar, wasu da fartanya, wasu da buhunan taki, wasu da ɗan abin da suka samu na toka a kwano. Saude ta rarraba su, biyu na kankarewa ɗaya na ɗurewa, ta hana mai ciki da mai goyo matsowa. Anwar ya daɗe tsaye hannu a ka. Da Marka ta gaya masa sunayen jikokinta uku, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta daina kafta ba, sai ya cire rigar wasa ya ɗaure hanci da ita ya kama buhu. Ba wanda ya kai shi aiki ranar.

Maza suka fito daga masallaci suka ga mata a tsakiyar filin ƙwallo da fartanyu. Labari ya zaga gari. Aka yi ta zuwa, wasu don su taya, wasu don su gani da idonsu, wasu don su ce ai dama sun faɗa. Tsofaffin da suka shekara biyar ba su taka filin ba suka jeru a inuwar tsamiya suna tuna wa juna wanda ya ci ƙwallo ta biyu a wasan Gummi, suna musu. Wani mai rake ya ji hayaniya ya turo baronsa.

Junaidu ya yi sallah ya dawo ya tsaya inda yake, hannu harɗe a ƙirji. Saude ba ta dube shi ba, amma tana sane da shi kamar yadda ake sane da ƙaya a tafin ƙafa. Can ta ji Marka na cewa, "Sake mani fartanyata, ɓarawo!" Ta ɗago. Ya cire takalman wasa ya rataye a wuya, ya sa silifa, ya karɓe fartanyar kakarsa. Da kyaftin ya sunkuya sai sauran 'yan wasan suka bi, har da wanda ya ce a kama ta.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna motar Anka ta iso, alƙalin wasa na biye a babur. Malamin makaranta ne daga Gummi, siriri mai tabarau. Halilu ya tare shi ya yi masa bayani, yana yi yana nuna buhunan da aka jera. Alƙali ya cire tabarau ya goge.

"Malam Halilu, abin da kuke yi shi ne daidai, ban da ja. Amma ni minti sha biyar doka ta ba ni bayan biyu da rabi. Sai hwa in baƙi sun yarda a jinkirta."

Shugaban 'yan Anka ya ce shi bai ƙi ba, sai dai su ma maki ukun nan ne tsakaninsu da kofi, kuma ba shi kaɗai ke da ƙungiya ba. Direbansu ya katse zancen. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, ƙarfe huɗu da rabi motarsa na kan hanya, wanda ya ga dama ya kwana a Yargalma. Ba wanda ya ga laifinsa. Kowa ya san hanyar.

Aka ci gaba da aiki kamar ana tsere da hadari. An gama kankare layin gefe biyu da na bayan raga ta yamma. Aka riƙo hannun Baba aka fito da shi, karo na farko cikin shekara uku. Ya sa aka kafa turaku, ya bi igiyar da hannu yana jin tsaurinta.

"Ja ta, Halilu, ta yi ciki. Yawwa. Kaɗa a hankali, ba gishiri kake sa ma miya ba."

Saude ta ɗago ta share zufa, ta ga babanta tsaye a kan layi yana ba da umarni, mutane cike da bakin fili har bayan raga, ƙamshin rake da jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Na ɗan lokaci sai ta ji kamar tana da shekara goma, kamar in ta waiwaya za ta ga turame jere a gindin katanga. Ta sunkuya ta ci gaba.

Tokar ta ƙare a tsakiyar layi na uku. Aka ruga gidaje, aka dawo da kwano biyu, rabi jiƙaƙƙiya. Da'irar tsakiya da yadi na sha takwas na gabas ko kankare su ba a kai ga yi ba, suna nan fari tas. Halilu ya roƙi alƙali a buga haka nan, tunda ai ana ganin waɗancan. Junaidu ne ya amsa, ba tare da ya ɗago ba.

"Ba mai taka shi, Koci."

Alƙali ya dubi agogo, ya ƙara minti biyar da ba nasa ba, ya sake duba. Sannan ya taka zuwa tsakiyar fili, ya kauce wa farin layin, ya busa usur sau uku. Ba a yi ihu ba. 'Yan Anka ma ba su yi murna a fili ba, biyu daga cikinsu har suka kama aka ɗora buhuna a amalanke kafin direba ya matsa musu oda. Aka kawo takarda Junaidu ya goge hannu a wando ya sa hannu. Guguwar Yargalma ta faɗa rukuni na biyu ba a taɓa ƙwallo ba.

Saude ta yi zaton mutane za su watse, wasu kuwa sun watse. Ta ji wani dattijo na cewa mace ɗaya ta kashe ƙungiyar gari, ta ji Marka ta bi shi da abin da ya fi haka zafi. Amma mafi yawa sun tsaya, don sauran aiki na nan. Sai bayan la'asar aka kankare na ƙarshe. Buhu arba'in da ɗaya. Maza suka tura amalanke zuwa bayan dutse, inda ƙasar ke da yumɓu, nesa da rijiya da rafi, suka haƙa rami. Saude ta tsaya sai da kowace mace ta wanke hannu da ƙafa da fartanya a wuri ɗaya, ta sa aka rufe wurin da ƙasa. Ta mayar da Baba tabarmarsa. Bai yi mata maganar wasa ba, sai ya ce gwiwarsa na ciwo, ta kawo masa man zafi.

Rana ta yi ja sa'ad da Junaidu ya dawo gida. Asma ta ji sallamarsa ta zabura, Saude ta riƙe ta.

"Tsaya nan zaure, Baban Asma. Ga ruwa ga sabulu na aje maka. Kayan ka sa su cikin bokitin can, har silihwan."

Ya yi yadda ta ce. Ta ji ƙarar ruwa ta daɗe. Ya shigo da tsohuwar jallabiya, ya ɗauki Asma ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya kifa fuskarsa a kanta. Saude ta ɗauko takalman wasan daga zaure da tsinken itace, ta tsuguna nesa da su Asma tana fitar da ƙasar da ta maƙale a ƙasansu.

"Bar su," ya ce. "Ba ni da sauran aiki da su."

"Ko ba ka da shi, ba su kwana gidan ga da ƙasar nan."

Ta gama ɗaya ta ɗauki ɗayan. Asma na ja masa gemu tana ba shi labarin yadda Inna ta sa mata sabulu a ido.

"Ka yi hushi da ni," in ji Saude.

"Na yi."

"Da ka so in yi shiru?"

Ya kama hannun Asma ya buɗe tafin, ya duba tsakanin 'yan yatsun, ya duba ƙarƙashin farce.

"A'a," ya ce. "Amma na yi hushi. Ki bar ni da shi kwana biyu."

"Na bar ka."

"Anwar ya ce tulin can na wurin injinsu, yara na bi ta kai in za su kiwo. Ya ce in raka shi wurin mai injin gobe. Shi baƙo ne, ba su jin tashi."

"Ku tahi da Kaka Marka."

Junaidu ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun safe. "Ta sake ni, ai kin ji."

"Ka je biko. Ga tuwo can, shi ma tun rana yake jiranka."